MAIGIDA, KA BA TA IZININ ZUWA ASIBITI TUN KAFIN DAREN YA ZO

 

'Yan uwa magidanta da iyayenmu mata da ke wannan zaure: Yau ba maganar basir ko shawara za mu yi ba. Saƙon yana da ɗan tsawo, amma don Allah a daure a karanta har ƙarshe, wanda bai iya karatu ba a karanta masa, domin magana ce ta rai biyu: uwa da abin da ke cikinta.

A bazarar da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya na dare, aka buga mini ƙofa a nan Darna Sabon Gari. Yaro ne aka aiko daga gidan wani maƙwabcinmu, wai in taimaka da rubutu ko wani abin sha, matar gidan tana fama da ciwon mara. Na tambayi watannin cikin, ya ce bakwai da 'yan kwanaki. Na tambayi yaushe ciwon ya fara, ya ce tun bayan la'asar. Kusan awa tara ke nan. Maigidan kuwa yana Ƙwanni, ya je cin kasuwar Laraba zai kwana can, wayarsa ba ta shiga.

Na tashi uwargidana muka tafi tare. Ita ta shiga ciki, ni na tsaya a zaure da mahaifiyar maigidan. Na ce, "Inna, a yi haƙuri a kai yarinyar nan asibiti yanzu." Ta ce, "Haba Malam, zaƙi na. Mu duk mun yi irinai. A bari gari shi waye." Ita kuma yarinyar ciki na fari ne, kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi. Abin da kawai ta iya faɗa wa uwargidana shi ne ba za ta fita ba sai da izinin mijinta.

Sai da muka je muka tashi yayan maigidan ya ce a tafi, sannan aka shiga neman mota. A asibiti aka auna ta, aka samu maleriya da ciwon sanyi a mafitsara, su ne suka tayar da mahaifar. Aka yi mata allurai, aka riƙe ta kwana uku, ciwon ya lafa. Bayan mako bakwai ta haifi 'yarta lafiya lau, muka ci suna. Alhamdulillahi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar maigidan da ya dawo. Ya ce, "Wallahi Malam ban taɓa hana ta zuwa asibiti ba. Ban dai taɓa cewa ta je ba ne." Wannan ita ce matsalar gidaje da yawa a wajenmu, kuma a kanta nake so mu yi magana yau.

Ra'ayina a taƙaice: duk magidancin da matarsa ke da ciki, ya ba ta izini na dindindin tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa da duk wani babba na gidan, cewa duk lokacin da ta ga alamar haɗari, dare ko rana, yana gari ko ba ya nan, ta tafi asibiti ba sai an nemo shi ba. Mu mutanen bakin iyaka ne. Wannan yana Ƙwanni, wancan ya bi motar shanu zuwa Legas, wani ya tafi cirani sai damina. Ba daidai ba ne ran mace da na ɗanta su rataya a kan ko waya za ta shiga.

*MECE CE NAƘUDA KAFIN LOKACI?*

Cikakken ciki mako 40 ne, wato kwana 280 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Duk haihuwar da ta zo kafin mako 37, wato kafin wata takwas da rabi, ita ce haihuwar bakwaini a lissafin likita, ko da ba a wata bakwai ta faɗo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin lokacinsu, kusan ɗaya cikin kowane goma. Najeriya ce ta uku a yawansu bayan Indiya da Pakistan, da sama da 770,000 a wannan shekarar kaɗai. Kuma matsalolin da ke biyo bayan irin wannan haihuwa su ne kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya. Ka ga ashe ba abin gidan wane kaɗai ba ne.

Abubuwan da kan tayar da ita sun haɗa da maleriya, ciwon sanyi na mafitsara ko na gaba, hawan jini, ƙarancin jini, cikin tagwaye, ciki a kan ciki ba hutu, ƙuruciyar uwa, da kuma wadda ta taɓa haihuwar bakwaini a baya. Sau da yawa kuma ba a gano dalili ko kaɗan. Saboda haka kada a ɗora wa matar laifi, kada kuma a fara nuna kishiya da yatsa.

*ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU*

Akwai murɗawar da ciki kan yi a watannin ƙarshe wadda ba naƙuda ba ce. Cikin ya yi tauri na ɗan lokaci ya saki, ba shi da tsari, kuma idan ta sha ruwa kofi biyu ko uku, ta yi fitsari, ta kwanta a gefen hagu, sai ya lafa. Idan wannan ce kaɗai alamar, a duba agogon waya a ƙirga na awa ɗaya. Idan murɗawar tana dawowa duk minti goma ko ƙasa da haka, ko tana ƙara ƙarfi, a tafi. Haka nan idan akwai ciwon ƙugu da ba ya saki, ko jin nauyi a mara kamar yaron yana turowa ƙasa, ko majina mai yauƙi ta fito.

Waɗannan kuma ba a jira musu ko minti goma:

1. Zubar jini, kaɗan ko mai yawa.
2. Fashewar faya, ko ruwa yana tsiyaya a hankali ko da babu ciwo.
3. Yaro ya rage motsi ko ya daina.
4. Zazzaɓi mai zafi.
5. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ko jijjiga.

Iyayenmu mata, don girman Allah, kada a kira ruwan da ke tsiyaya a wata bakwai ko takwas da sunan zaƙi a kawo jiƙo. Idan faya ta fashe, hanyar da ƙwayoyin cuta za su bi su kai ga yaro ta buɗe. Kada ungozoma ko kowa ya sa hannu don dubawa. A sa mata ƙyalle mai tsabta a tafi.

*ME YA SA AWANNI KE DA MUHIMMANCI?*

Babban abin da ke kashe bakwaini shi ne huhu bai nuna ba. Akwai wani ruwa mai santsi da huhu ke yi, wanda ke hana 'yan jakunkunan iska mannewa idan an fitar da numfashi, kuma ba ya wadata sai a makonnin ƙarshe. Likitoci suna da allura mai suna dexamethasone da ake yi wa uwa idan cikin yana tsakanin mako 24 da 34, tana gaggauta nunar huhun yaro tun yana ciki. Allura huɗu ce, awa 12 tsakanin kowace, kuma amfaninta ya fi cika idan an samu aƙalla awa 24 tsakanin ta farko da haihuwa.

A shekarar 2020 an fitar da sakamakon wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitoci 29 na Najeriya, Kenya, Indiya, Pakistan da Bangaladesh, a kan mata 2,852. Mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 cikin ɗari zuwa 19.6 a wajen waɗanda aka yi wa allurar. Wato a duk mata 25, an ceto jariri ɗaya da izinin Allah.

Akwai kuma ƙwayar nifedipine da kan jinkirta naƙuda na kamar kwana biyu, don allurar ta samu lokacin aiki, ko don a samu damar tura matar babban asibiti. Daga Illela zuwa Sakkwato ta Gwadabawa da Kware ya haura kilomita 80. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai sashen kula da jarirai masu kwalba. Yaro ya yi wannan tafiyar a cikin uwarsa ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba a kan ya yi ta a naɗe cikin zane, iska tana dukansa.

To yanzu ka lissafa. Daga la'asar zuwa ƙarfe ɗaya na dare awa tara. Da an bari gari ya waye, awa goma sha biyar. Waɗannan su ne awannin da allurar ke buƙata, mu kuma muke ƙone su a zaure muna jiran izini.

Gargaɗi: kada wani ya ji sunan maganin nan ya ruga kemis. An gwada yin allurar barkatai a wuraren da ba a tantance watannin ciki ba, sai ta jawo illa. Likita ne zai yanke hukunci. Shi ya sa sikanin tun kafin mako 24 yake da amfani, shi ke nuna ainihin kwanakin cikin. Ƙwayar wannan maganin ce kuma wasu mata ke sha don ƙiba. Mai ciki ta nisanci wannan.

*AMSA GA MASU JA*

Wani zai ce, "Malam, ina tawakkali? Ina addu'a?" Ni mai sayar da habbatus sauda da zaitun da zuma ne, kuma na yarda da albarkarsu. Amma ina gaya muku tsakanina da Allah, a shagona babu abin da ke tsayar da naƙudar da ta taso kafin lokaci, babu kuma abin da ke nunar da huhun jariri. Duk wanda ya ce muku yana da shi, kuɗinku yake so. Wasu kayan namu ma haɗari ne a wannan hali. Hulba mai yawa, sanamaki da man zurma suna iya ƙara motsa ciki. Dabino abinci ne mai albarka, an ambace shi a ƙissar haihuwar Nana Maryam, amma ba ya hana naƙuda. Addu'a kuwa ba ta buƙatar a zauna a gida. A yi ta a cikin mota, a yi ta a bakin ɗakin haihuwa. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, kuma ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Mu da muke ƙasar Shehu ma ba mu da uzuri, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya rubuta littattafai a kan cututtuka da magungunansu.

Wani zai ce, "In muka je aka ce ba komai fa? Kuɗin mota ya tafi a banza." Gaskiya ne, mata da yawa da ke zuwa da wannan tsoro ciwon kan lafa, su koma gida su haihu a kan lokaci. Amma daga gida ba mai iya bambance wadda za ta lafa da wadda ba za ta lafa ba, sai an duba bakin mahaifa an auna jini da fitsari. Matar maƙwabcina ma ai ciwonta ya lafa, amma don an gano maleriya da sanyin an magance su ne. Kuɗin mota za ka mayar da shi a kasuwa guda ta Lahadi. Da-na-sani kuwa ƙeya ce.

Wasu tsofaffi kan ce ɗan wata bakwai yana rayuwa, ɗan wata takwas ne ba ya yi. Wannan tsohon zance ne, kuma ba haka abin yake ba. Duk makon da yaro ya ƙara a ciki, ƙarfinsa ƙaruwa yake. Kada wannan magana ta sa a saki jiki a wata bakwai, ko a fid da rai a wata takwas. Malaman fiƙihu tun zamanin sahabbai sun san ana iya haihuwa da wuri. An ruwaito Sayyidina Aliyu (RA) ya haɗa ayar Suratul Ahƙafi da ta ambaci wata talatin na ciki da shayarwa, da ayar Baƙara da ta ambaci shekara biyu na shayarwa, ya fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne. Saboda haka bakwaini cikakken mutum ne mai haƙƙi a kanmu, kuma babu dalilin zargin uwarsa.

Game da izini kuwa, kare rai da kare zuri'a suna cikin manyan manufofi biyar na shari'a, kuma malamai sun yi bayanin cewa larura tana halatta wa mace fita don tsira da ranta. Amma yarinya 'yar shekara goma sha takwas da ke murƙususu a ɗaki, surukarta tana bakin ƙofa, ba za ta tsaya kawo hujjar fiƙihu ba. Kai ne za ka sauke mata wannan nauyin da bakinka. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce mai kyau, amma a gaya wa amare ba a yin ta a kan jini ko ruwa.

*SHIRIN DA ZA KA YI A WANNAN MAKON*

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Ka furta izinin a fili, Inna tana ji. Ka naɗa wakili, yayanka ko ƙanenka ko maƙwabci amintacce.
2. Ka ajiye lambar direba biyu, ka yi magana da su tun yanzu cewa za a iya kiransu da dare.
3. Ka ware kuɗin da zai kai Sakkwato ya dawo, a hannun matar ko wakilin, ba a aljihunka ba.
4. Katin awo, zannuwa masu tsabta, hular jariri da tocila su zauna a jaka ɗaya.
5. Ka san rukunin jininta, ka san mutum biyu da za su iya ba ta.
6. Ka tambayi ma'aikatan asibitin da take awo: idan abu ya taso da dare ina za mu nufa, nan ko Babban Asibitin Illela?
7. Idan kuna ƙauyen da fita da dare ke da wuya saboda halin tsaro ko ruwan damina, kuma an ce cikin mai haɗari ne, ka kai ta wajen 'yan uwa a cikin gari ta ƙarasa watanninta.

Kada a yi wasa da awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas. A can ake ba da Fansidar na rigakafin maleriya daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, wata guda tsakani, da maganin ƙarin jini. Ta riƙa kwana a gidan sauro kullum.

*IDAN AN SALLAMO TA CIKIN BAI FITA BA*

Nan ma akwai aiki. Matar da ta ga wannan tsoro ba ta barci sosai, duk motsin da cikin ya yi gabanta faɗuwa yake. Kada ka ce mata raki ne. Ka zauna da ita, ku yi azkar na safe da yamma tare, ka tambaye ta yau ya motsa? Wannan tambayar kaɗai tana kwantar da hankali.

A ɗauke mata daka, surfe, jan guga da ɗaukar jarka. Amma ba a ce ta kwanta dare da rana ba, domin dogon kwanciya bai tabbata yana hana haihuwa da wuri ba, kuma yana iya sa jini ya daskare a ƙafa. Ta yi 'yan zirga-zirgarta a tsakar gida. Ta sha ruwa sosai, musamman a zafin bazararmu. Ta shanye maganin da aka rubuta mata ko ta ji sauƙi. Maganar shimfiɗa, ka tambayi likita ba kunya. Idan faya ta fashe ko an ga jini, sai haƙuri. Idan azumi ya riske ta, shari'a ta yi mata rangwame ta sha ta rama daga baya. Kuma izinin nan yana nan daram. Ko sau uku abin ya dawo, sau uku za a koma.

*IDAN KUMA YARON YA ZO A GIDA KO A HANYA*

Sanyi ne babban abokin gabarsa, ko da a bazara. A goge shi da zane mai tsabta, kada a yi masa wanka. A sa masa hula, a kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a tafi asibiti a haka. Idan uwar ba ta da ƙarfi, kakarsa ko kai uban ka saka shi a ƙirjinka. Wannan dabara likitoci suka fara ta a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalba, kuma wani bincike da aka fitar a 2021, wanda asibitin koyarwa na Ile-Ife yana ciki, ya nuna fara ta nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. A ba shi nonon farko, kada a zubar. In bai iya kamawa ba, a tatsa, ma'aikata za su nuna yadda ake ba shi. Ban da ruwa, ban da jiƙo, ban da zuma. Ni mai sayar da zuma nake faɗa: ba a ba jariri zuma sai ya shekara.

'Yan uwa, rai da ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan. Akwai wanda za a yi duk abin da ya dace amma Allah Ya karɓi abinSa, sai mu yi haƙuri, kuma akwai lada mai girma ga iyayen da suka jure. Abin da za a tambaye mu shi ne amanar da aka ba mu. Don haka yau bayan sallar isha'i, ka kira matarka a gaban Inna ka faɗi kalmar nan. Ba za ta ɗauke ka minti ɗaya ba.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a a kan Musulunci, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.

A tura wa sauran zauruka da 'yan uwa, musamman waɗanda ke kan hanya ko wajen cirani sun bar iyali a gida.

Wassalamu alaikum warahmatullah.